Ina Aka Baro Gizo Da Dodo?

Tun kafin yaron Bahaushe ya iya riƙe allo, balle a kai ga babbaƙu da farfaru, akwai waɗansu halittu da yakan riga ya saba da su kamar 'yan gidansu. Ya san Gizo da matarsa Ƙoƙi, ya san Kura da zarinta, ya san Dila malamin daji, ya kuma san Dodo, wanda babu mahalukin da ya taɓa sa shi a ido, amma kowane yaro yana iya ba da labarin tsawon gashinsa. A bakin kaka, ko uwa, ko gwaggo, ko wata yaya yakan gamu da su, bayan an ci tuwon dare an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ko kuwa a ɗakin tsohuwa in sanyin hunturu ya hana zaman waje.

A yau kuwa, a birane da yawa har ma da ƙauyuka, yaro yana iya kai shekara bakwai ba a taɓa zaunar da shi an yi masa tatsuniya ba. Wannan bai raba shi da dabbobi masu magana ko dodanni ba, gama kullum yana ganinsu a talabijin da wayar hannun uwarsa ko ta wansa. Abin da ya sake shi ne hanyar da suke zuwa gare shi, da harshen da suke magana da shi, da kuma ko akwai babba a kusa sa'ad da suka zo. Mai karatu zai ga cewa a kan waɗannan abubuwa ne yawancin amfanin tatsuniya ya rataya.

Ƙofar shiga da ƙofar fita

Tatsuniya tana da ƙa'idar farawa. Mai bayarwa takan ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa da "Ta zo mu ji ta," ko kuwa "Ta je ta komo," gwargwadon al'adar gari. Da wannan amsa kowa ya san an bar duniyar yau da kullum an shiga wata, inda Kura ke zuwa cin kasuwa, Zaki ke zaman fada da fadawansa, tsuntsu kuma ke kai saƙo da waƙa. In labari ya ƙare sai a ce, "Ƙurunƙus kan kusu," a ƙara da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya, da ma ƙaryar ce aka shara. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai iya bayyana ma'anar wannan ba, amma ya fahimci cewa dodon da ya shigo bayan an ce "ga ta nan" ba ya tsallake "ƙurunƙus."

Tana kuma da lokaci. An camfa cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, in kuwa ta kama dole sai an ɗaure Gizo tukuna. Hikimar camfin a fili take, domin rana ta aiki ce, ta gona da kiwo da ɗiban ruwa da makaranta, yaron da ya zauna sauraron labari da hantsi kuwa aikinsa ne zai kwanta. Sau da yawa akan fara da kacici-kacici don a wasa ƙwaƙwalwa, sa'an nan a shiga dogayen labarai, manyan yara su ma su karɓa su gwada bakinsu, in ɗaya ya yi tsallake 'yan'uwansa su gyara masa.

Mai bayarwa kuma tana kallon fuskokin masu sauraronta. In ta ga autan cikinsu ya ƙanƙame zanenta, sai ta taƙaita wajen da Dodo ke wasa wuƙa ta yi sauri ta kai ga inda aka tsira. In ta ga sun fara gyangyaɗi, sai ta ɗauko waƙar da ke cikin labarin su yi mata amshi. Tana maƙale murya ta yi tsamin bakin Gizo, tana buɗe maƙogwaro ta yi gurnanin Dodo, yaro kuwa yana ganin cewa duka biyun daga bakin kakarsa suke fitowa.

Namun daji masu halin mutane

Dabbobin tatsuniya mutane ne da aka sa wa fata da wutsiya. Zaki shi ne sarki, mai iko da kwarjini, amma ana iya ruɗinsa da daɗin baki. Kura ga ƙarfi ga tsoro ga haɗama, kullum cikinta ne ke kai ta ga halaka, shi ya sa har a magana ake cewa ba a ba kura ajiyar nama. Dila shi ne masani mai raba gardama, wanda yakan yi shari'a yana tsaye kusa da bakin raminsa. Zomo da kurege da kunkuru ƙanana ne masu rayuwa da dabara. Da wannan hanya akan faɗa wa yaro halin mai mulki, da na azzalumi, da na mai kwaɗayi, ba tare da an ambaci sunan kowa a gari ba.

Gizo kuwa shi ne uban tafiya. Alal misali, a wata shekarar yunwa ya je wurin Giwa ya ranto hatsi, ya koma wurin Dorina ya ranto, kowacce ya yi mata alkawarin zai biya ta da ingarman doki. Da ranar biya ta zo sai ya ba Giwa bakin igiya a tudu, ya ba Dorina ɗaya bakin a cikin ruwa, ya ce wa kowacce dokinta ne a can ƙarshe, ta ja. Suka wuni suna jan juna. Da suka gane suka shiga nemansa, sai ya lulluɓa da busasshiyar fatar gada ya fito yana tangaɗi, ya ce musu ai faɗa ya yi da Gizo, Gizo ya nuna shi da yatsa ya lalace haka. Daga ranar manyan dawa biyu suka shiga gudun ɗan ƙwaron da ko tafin ƙafarsu bai kai ba.

A wani labarin kuma hankaki ne suka ji tausayinsa, kowanne ya cire gashi guda ya ba shi, suka tashi da shi zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar kogi. Da isarsu, duk ɗan ɓauren da wani hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa, har ya cika jakarsa su ba su sami ko ɗaya ba. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace ruwa ya kewaye shi. A labarin farko yaro yana koyon cewa ƙarami yana iya tsira daga hannun babba in ya yi amfani da kansa, a na biyu kuma yana ganin inda wayo ke kai mai shi in ya zama cin amanar masu taimako. Ba a gaya masa darasin ba, an bar shi ya tsinta da kansa.

Har wa yau Gizo shi ne mai kai tsegumi fada. A tatsuniyar Ta-Kitse shi ne ya hango ƙaton san wata tsohuwa, ya sheƙa ya tambayi Sarki yawan kunnuwansa, ya sa aka ƙwace san aka yanka, aka sallami mai shi da kitse da kayan ciki. Yaron da ya ji wannan ya fara sanin zalunci da sunansa tun kafin ya gamu da shi a kasuwa ko a ofis.

Irin wannan gwani ba Hausawa kaɗai ke da shi ba. Mutanen Asante na ƙasar Gana suna da nasu gizon mai suna Ananse, wanda bayin da aka kwashe suka ƙetare teku da labarinsa har Jamaika. Yarbawa suna da kunkurunsu Ijapa, Ibo kuma suna kiran nasu Mbe. A ƙarni na 8 na Miladiyya Abdullahi ɗan Muƙaffa ya juya littafin Kalila wa Dimna zuwa Larabci daga harshen Farisa, asalinsa kuwa daga Indiya, jigoginsa diloli ne guda biyu a fadar Zaki. Al'ummu masu nisa da juna sun tarar cewa yaro, har ma sarki, ya fi karɓar gyara in an sa shi a bakin dabba.

Shi kuma Dodo fa?

Dodo dabam yake da sauran. Kura da Zaki ana ganinsu a daji, shi kuwa ba shi da siffa tsayayya. Akan ce ƙato ne, gashi har ƙasa, yana jin warin ɗan'adam daga nesa, yana iya haɗiye gari da shanunsa. Mazauninsa shi ne inda ake hana yaro zuwa: cikin kogi mai zurfi, ko tsohuwar rijiya, ko ƙurmin daji, ko gidan da ke can bayan gari inda ba maƙwabci. Uwar da ba ta iya bin ɗanta ko'ina ta sanya Dodo gadin wuraren da take jin tsoron ya halaka.

Akwai labarin budurwar da ta ce ba za ta auri kowa ba sai wanda ba shi da tabo ko ɗaya a jikinsa. Dodo ya ji, ya ari jiki mai santsi da tufafi masu kyau, ya zo aka ɗaura aure. Da suka kama hanyar gidansa sai ya dinga mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, har ya koma siffarsa. Wanda ya cece ta shi ne ƙaramin ƙanenta da ta kora tun farko ta ce kada ya bi ta. Akwai kuma na matar da ta rasa mai taimakonta a bakin rafi, ta yi wa Dodo alkawarin abin da ke cikinta, ta manta, shi kuwa bai manta ba, ya zo karɓar bashinsa ranar bikin yarinyar. Ya cinye abincin biki, ya haɗiye amarya, amma da 'yar wuƙa aka farke cikinsa ta fito da ranta.

In aka jera irin waɗannan labarai za a ga abu guda yana ta dawowa. Dodo yana da ƙarfi amma ba shi da wayo, kuma galibi wanda ke kayar da shi shi ne mafi ƙanƙanta a gida: Auta, ko marainiya, ko 'yar bora da aka raina. Makaminsu kuwa ɗan abu ne, aska ko allura, ko karnukan gida da aka kira da sunayensu, ko ladabin da aka yi wa wata tsohuwa a hanya ta ba da asiri. A tatsuniyar Ruwan Bagaja 'yar bora ta iske cinya da kare suna zaune a ɗaki suna magana, abin da zai sa babba ya zura da gudu, amma ta yi sallama ta yi biyayya ta komo da dukiya, 'yar mowa kuwa ta yi musu rashin kunya ta komo da masifa. Mai sauraro ɗan shekara biyar, wanda kowa a gida ya fi shi ƙarfi, yana jin cewa irinsa ne ke fita daga cikin Dodo da rai.

Waɗanda suka sa ta a takarda

Da ba a rubuta waɗannan labarai ba, da da yawansu sun bi tsofaffi zuwa kabari. Daga cikin na farko da aka ɗauka akwai waɗanda Dorugu ya bayar, wani yaro daga ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta, ya yi wa matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth hidima, ya bi shi Ingila a 1855. A can ya zauna da J.F. Schön yana ba shi labarai, waɗanda suka fito a littafin Magana Hausa a 1885.

Bayan da Turawa suka ci ƙasar Hausa sai aikin ya ƙaru. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i 3, tsakanin 1911 da 1913, yawancinsa daga rubutun ajami da malamai suka yi, musamman na Sakkwato waɗanda Razdan Burdon ya sa su aikin. Neil Skinner ya juya shi zuwa Turanci, juzu'in farko ya fito a 1969. A 1913 ɗin dai R.S. Rattray ya fitar da tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana, shaidar cewa fatake sun tafi da Gizo duk inda suka kafa zango. A shekarar ce kuma A.J.N. Tremearne ya fitar da nasa tarin.

Sai dai akwai abin lura. Masu ba da tatsuniya a gida mata ne, masu rubuta ta kuwa a wancan zamani maza ne, malamai da ma'aikata, suna rubuta abin da suka tuna tun suna yara don Baturen da ya nema. Saboda haka ƙashin labari ya tsira, amma karin waƙa da amshi da kwaikwayon murya ba su shiga takarda ba.

Daga baya 'yan ƙasa suka karɓi aikin don 'ya'yansu. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3, wanda ya fara fitowa a 1937, ya sa aku ya zama mai ba da labarai fiye da 80 da ya tattaro daga Gabas da Yamma ya yi musu rigar Hausa. Daga 1971 Ibrahim Yaro Yahaya, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi 6, aka karanta su a makarantun firamare shekara da shekaru. A wannan ƙarni kuma Dokta Bukar Usman, mutumin Biu, ya tara ɗimbin labarai a Taskar Tatsuniyoyi. Saboda haka ba za a ce labaran sun ɓace ba, suna nan a kan kanta suna jiran mai buɗe baki ya ba da su.

Abin da masu suka ke cewa

Tun da daɗewa akwai malaman da ke ganin tatsuniya hululu ce da ɓata lokaci, tun da ƙarya ce. Masu kare ta sukan amsa da cewa ƙaryar da shari'a ta hana ita ce wadda ake yi don a yaudari mai ji, tatsuniya kuwa da bakinta take shelar cewa ƙirƙira ce, tun daga buɗewa har rufewa. Kuma babu mai hankalin da ke gwama ta da ƙissoshin Alƙur'ani, irin na tururuwa da alhudahuda a zamanin Annabi Sulaimanu, ko na hankakan da ya nuna wa ɗan Adamu yadda ake binne gawa, domin waɗannan gaskiya ne, wajibi ne kuma yaro ya san bambancin. Gidaje da yawa sun haɗa biyun ba tare da rikici ba: karatu da ƙissa a wurin malam, Gizo a wurin kaka.

Waɗansu iyaye kuma suna cewa Gizo maƙaryaci ne, ɓarawo, mai cin amana, ga shi kuma sau da yawa yana kuɓuta, to me yaro zai koya? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa zaɓen labari ya zama aikin babba. Amma a tuna cewa yara dariya suke yi wa Gizo, babu kuwa yaron da ke so a kira shi da sunan. Harshen kansa ya yanke masa hukunci, gama in Bahaushe ya ce magana shifcin Gizo ce, ya gama zubar da ita. Yaron da ya san dabarun Gizo tun yana ƙarami ya fi saurin gane su ranar da wani ya zo masa da su da babbar riga.

Suka ta uku ita ce ta tsoratarwa, a nan kuwa dole a raba abu biyu. Dodon da ke cikin tatsuniya yana da farko yana da ƙarshe, ana kuma cin nasara a kansa. Dodon da ake kira da tsakar rana don yaro ya yi shiru, ko a ce yana bayan ƙofa zai kama shi in bai ci tuwo ba, wannan ba shi da "ƙurunƙus," yana nan tare da yaron har cikin barcinsa. Iyaye da yawa sun bar na farkon sun riƙe na biyun, alhali na biyun ne mai cutarwa.

Dodon ji da dodon gani

Masana halayyar yara sun daɗe da tabbatar da cewa tsakanin shekara 3 zuwa 6 yawancin yara suna tsoron duhu da halittun da ba su wanzu ba, ko an ba su labari ko ba a ba su ba, domin a wannan lokaci ƙwaƙwalwa ba ta gama raba abin da ke akwai da abin da aka raya ba. A 1976 Bruno Bettelheim ya fitar da littafi a Amurka inda ya yi hujja da cewa tatsuniyoyi masu ban tsoro suna ba yaro hanyar sarrafa fargabar da ke cikinsa. An soki aikinsa ta fuskoki da dama, amma wannan ra'ayi ya sami karɓuwa a wurin malaman yara da yawa. Binciken Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin kuma ya nuna cewa yara ƙanana sun fi razana da munin siffar abin da suka gani a talabijin fiye da haɗarin da ke cikin labarin, har halitta mai kirki ma tana iya firgita su in fuskarta ta yi muni.

Wannan ya bayyana bambancin da ke tsakanin dodon ji da dodon gani. In kaka ta ce Dodo ƙato ne, yaro ne ke ƙera shi a zuciyarsa, ba ya kuwa ƙera wanda ya fi ƙarfin ɗaukarsa. Wanda ke cikin waya kuwa manya ne suka zana shi da haƙora da jini da ƙara, ya zo wa ɗan shekara uku da ɗan shekara goma da girma ɗaya, ba ya ganin wanda ya firgita balle ya sassauta, in ya ƙare kuma wani ne ke biyo bayansa nan take. Abin mamaki, sunan da Hausa ta ba wannan hanya da yake zuwa ta cikinta shi ne yanar gizo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ajiye jariri a gaban irin waɗannan na'urori sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, ta kuma ce in yaro zai zauna, gara a yi masa karatu ko a ba shi labari.

Akwai kuma yaran da tsoronsu ba na raya ba ne. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun kashe dandali da hirar farin wata a wurare da yawa. Tatsuniya ba ta maganin wannan masifa, amma yaron da ya kwana a gudun hijira yana da bukatar muryar babba mai natsuwa, da labarin da mugu ke faɗuwa a ƙarshensa, fiye da kowane yaro.

Su kansu dabbobin sun yi nisa. Zakin da ya rage a Nijeriya kaɗan ne, a dajin Yankari da na Kainji, giwa ma sai a irin su Yankari, yaron birni kuwa in ya ga kura to a gidan namun daji na Audu Bako a Kano ne, ko a hannun gardi. Sunayen gada da batsiya da tunku da bushiya, da karin magana ɗari da aka gina a kansu, ta bakin tatsuniya suke shiga kunnen yaro, in ta yi shiru su ma sun tafi.

Abin da ya rage a yi

Makaranta ta taɓa ɗaukar wani kashi na wannan nauyi. Bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa dukan shekaru 6 na firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi ya ba da sanarwar soke shi da komawa ga Turanci. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan, sakamakonsa shi ne nauyin ya komo gida.

Aikin kuwa ba mai tsada ba ne. Uwa ko uba da ya manta labaran yana iya karanta guda ɗaya a littattafan da aka ambata da rana, ya rufe littafin, ya ba da shi da ka da dare, domin yaro ya fi son fuskar mai magana a kan shafin takarda. A fara wa 'yan shekara uku da gajerun labaran dabbobi masu waƙa da maimaici, a ajiye na Dodo sai sun kai biyar ko shida, a kuma tabbata an kai labarin ƙarshensa kafin a kashe fitila, kada a bar yarinya a cikin Dodo a ce sai gobe. A buɗe da "ga ta nan," a jira amsa, a rufe da "ƙurunƙus." In yaro ya ce a sake wanda aka yi jiya, a sake masa, gama da maimaici yake cin ƙarfin abin da ke ba shi tsoro. In ya tambaya ko Dodo gaskiya ne, a gaya masa babu shi, amma kogi da rijiya da baƙon da ke kiran yaro gefe gaskiya ne.

Wayar da ake kuka da ita ma tana da aikin da za ta yi. Duk gidan da Allah ya bar wa tsohuwa mai tatsuniya, ya kamata 'ya'ya da jikoki su ɗauki muryarta da waƙoƙinta tun tana da ƙarfi, su ajiye, su aika wa 'yan'uwa da ke Legas ko Fatakwal ko Kumasi, inda yara ke tashi Hausarsu tana raguwa. Wannan shi ne kashin da Edgar da Rattray ba su sami damar adanawa ba, yau kuwa yana hannun kowa. Gidajen rediyo da talabijin na jihohi su ma suna da ikon ware wa yara rabin awa bayan sallar isha'i, su gayyato tsofaffin da suka iya, da yara a gabansu suna amshi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarun da yaro ke yarda ya zauna a gindin babba ya ce "ta zo mu ji ta" ba su fi biyar ko shida ba, in sun wuce kuwa ba sa komowa.